Aikin manazarcin hannun jari a gidajen hej: abin da ake biyan mutum dominsa

Tambaya: Na karanta akanta, ina aiki a sashen bincike na wani kamfanin dillancin hannun jari a Legas, kuma na ci matakin farko na jarrabawar CFA, ta ƙwararrun manazartan harkar kuɗi. Ina yawan jin labarin asusun hej na New York da Landan, wato gidajen da suke tara kuɗin manyan masu jari su juya musu a kasuwa. Mene ne ainihin aikin manazarci a can, yaya mutum yake ci gaba, kuma da waɗanne dabaru suke juya kuɗi?

Ƙanena, tambayoyinka uku ne, amma igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Dabarar da gida yake juya kuɗi da ita, ita ce take yanke yadda yinin manazarci zai kasance, da tsawon lokacin da za a ba shi kafin a ce ra'ayinsa ya ci ko ya faɗi, da yadda za a biya shi, har ma da yadda za a sallame shi. Mutum biyu suna iya riƙe muƙami ɗaya a unguwa ɗaya ta Manhattan a New York ko Mayfair a Landan, ɗaya yana tunanin inda kamfani zai kai nan da shekara uku, ɗaya kuma hankalinsa yana kan abin da kamfanin zai sanar ranar Alhamis mai zuwa. Matasa da yawa suna neman aikin hej kamar abu guda ne, sai sun shiga su tarar sun zaɓi rayuwar da ba ta dace da halinsu ba. Wannan ne nake so ka kauce masa.

Bari mu fara daga tushe. A 1949 Alfred Winslow Jones, wanda ya karanci ilimin zamantakewa kuma yake rubutu a mujallar Fortune, ya kafa wani asusu a New York da dala 100,000, dubu 40 daga ciki kuɗinsa ne. Ya haɗa abu biyu da masu hankali na wancan zamani suke gudu: cin bashi don ƙara jari, da sayar da hannun jarin aro. Ya kuma ɗauki kashi 20 cikin 100 na ribar da aka samu a matsayin ladansa. Har gobe yawancin gidajen da suke harkar hannun jari a kan wannan tsari suke, sai dai kowa da irin gyaran da ya yi masa.

Sayar da aro, wanda 'yan harkar suke kira shot, shi ne abin da ya fi rikita sabon shiga. Kamar ka ari buhun masara goma a wurin maƙwabcinka da damina lokacin tsada, ka sayar, kaka ta yi ka saya da araha ka mayar masa da buhu goma. Abin da ya rage tsakanin farashin biyu naka ne. In kuwa amfani bai yi kyau ba farashi ya ninka, buhu goma dai ake bin ka, ko nawa ya kai sai ka saya. A kasuwar hannun jari maƙwabcin shi ne babban dillalin asusun, irin su Goldman Sachs ko Morgan Stanley, kuma yana karɓar kuɗin aro muddin kayan suna hannunka.

Ga yadda lissafin yake tafiya. A ce asusu yana da dala miliyan 100. Ya sayi hannun jarin kamfanonin da yake ganin nagari ne na miliyan 120, ya yi shot na miliyan 80 a kan waɗanda yake ganin raunana ne. Kasuwa ta faɗi da kashi 20. Nagarin sun faɗi da 15 kawai, asarar miliyan 18 ke nan. Raunanan sun faɗi da 25, ribar miliyan 20. Asusu ya fita da ribar miliyan 2 a shekarar da kowa yake kuka. In kasuwa ta tashi da 20, nagarin suka tashi da 25, raunanan da 15, an ci 30 an yi asarar 12, saura 18. To amma juya abin: kasuwa ba ta motsa ko kaɗan ba, waɗanda ka saya suka faɗi da 5, waɗanda ka yi wa shot suka tashi da 5. Ka rasa miliyan 10 ba tare da kasuwa ta yi maka komai ba. Babban ɓangaren ribar da asarar a nan daga tazarar da ke tsakanin zaɓi mai kyau da maras kyau suke fitowa, ita ce ake kira alfa, kuma manazarci ne aka ɗauka ya samo ta.

A nan ne aikinka na yanzu zai bambanta da wancan. A gidan dillanci kana rubuta rahoto, ka ce a saya ko a riƙe ko a sayar, rahoton ya fita, abokan ciniki su karanta. A gidan hej babu mai karanta dogon rahoto. Ana zuba kuɗi a kan maganarka, kuma kowace yamma kwamfuta tana nuna nawa aka ci ko aka rasa ta dalilinka. Sanin cewa kamfani yana da kyau ba ya kawo ko sisi, domin kowa ya sani, farashi ya riga ya haɗiye wannan sanin. Abin da ake saye a wurinka shi ne ra'ayin da ya saɓa wa na kasuwa, ya kuma zama daidai, a cikin lokacin da gidan zai iya jira.

Dubi Netflix a Afrilun 2022. Kamfanin ya ci riba fiye da dala biliyan ɗaya da rabi a wata ukun farko na shekarar. Amma ya yi hasashen samun ƙarin masu biyan kuɗi miliyan 2.5, sai ga shi ya sanar cewa ya rasa 200,000. Washegari hannun jarinsa ya faɗi da kusan kashi 35. Bill Ackman, shugaban wani gidan hej, wanda bai fi wata uku da saye ba, ya sayar da asarar kusan dala miliyan 400. A Mayun 2023 kuma Nvidia, kamfanin kayan kwamfuta, ya ce yana sa ran cinikin dala biliyan 11 a wata uku masu zuwa, alhali manazartan bankuna suna zaton biliyan bakwai da 'yan kai, farashi ya tashi da kusan kashi 24 a yini ɗaya. A duka biyun abin da ya motsa farashi shi ne nisan da ke tsakanin abin da ake zato da abin da ya bayyana.

Saboda haka rabin aikin sanin kamfani ne, rabi kuma sanin abin da sauran mutane suka yi imani da shi game da kamfanin. Za a ba ka ɓangare guda, a ce shagunan sayar da kaya, ko bankuna, ko magunguna, da kamfanoni kamar talatin zuwa hamsin. Kowanne kana da jadawalinsa na Excel da ka gina da hannunka: ciniki, kuɗin da aka kashe, riba, bashi, tsabar kuɗin da ke shigowa a zahiri, da hasashenka na kowane wata uku, a gefe kuma matsakaicin hasashen manazartan bankuna. Kana karanta rahoton shekara da kamfanonin Amurka suke miƙa wa SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta ƙasar, wanda ake kira 10-K, da na wata uku-uku, 10-Q, kuma ka fi ba da ƙarfi ga ƙananan bayanan da ke can ƙarshe, inda ake faɗin yadda aka ƙirga riba da irin alƙawuran da kamfani ya ɗauka. Kana magana da masu kai wa kamfanin kaya, da tsofaffin ma'aikatansa, da abokan hamayyarsa. Manyan gidaje suna sayen bayanan cinikin katin banki, da adadin masu sauke manhaja, har da hotunan tauraron ɗan'adam na wuraren ajiye motoci a gaban shaguna.

Duk da waɗannan kayan zamani, sau da yawa abin yana nan a fili cikin takarda. Ranar 17 ga Mayun 2022 Walmart, babban kamfanin shaguna na Amurka, ya fitar da sakamakonsa, kayan da ke jibge a rumbunansa sun ƙaru da kusan kashi 32 a kan na bara, farashinsa ya faɗi da 11. Manazarcin da ya san ɓangaren zai tambayi kansa nan take: wa kuma yake sayar da irin waɗannan kaya, talabijin da kayan gida da tufafi, ga irin waɗannan mutane? Washegari Target, abokin hamayyarsa, ya fitar da nasa. Ciniki ya ƙaru da kashi 4 kacal, kayan rumbu da 43. Kaya in suka fi ciniki saurin taruwa, dole a karya farashi a rabu da su, riba ta zube. Hannun jarin Target ya faɗi da kusan kashi 25 a ranar, faɗuwar da bai taɓa yin irinta ba tun 1987.

Irin wannan safiya ita ce zuciyar aikin. Sakamako yana fita wajen ƙarfe shida da rabi ko bakwai agogon New York, kasuwa tana buɗewa tara da rabi. Kafin nan ka zuba sababbin alƙaluma cikin jadawali, ka saurari shugabannin kamfanin suna amsa tambayoyi ta waya, ka lura da tambayar da suka kewaye ba su amsa ba. Manajan jarin da kake ƙarƙashinsa ba ya son tarihi. Zai juyo ya ce: mu ƙara, mu rage, ko mu fita? Kuma sai ka ba shi amsa a jimla biyu ko uku. Haka ake yi sau huɗu a shekara, makonni a jere, wani lokacin kamfanoninka biyar su fitar a rana ɗaya.

In ka kawo sabon ra'ayi kuwa, tambayoyin manaja kusan kullum iri ɗaya ne. Me kake gani da kasuwa ba ta gani ba? Me ya sa ba ta gani ba? Wane abu ne zai faru ya sa ta gani, kuma yaushe? In ka yi daidai nawa za mu ci, in ka yi kuskure nawa za mu rasa? Me zai faru da zai sa kai da kanka ka ce ka janye? Ta ƙarshen nan ita ce ake gane manazarci da ita. Wanda ba zai iya faɗin abin da zai sauya masa ra'ayi ba, duk iliminsa, hatsari ne ga asusu, domin zai riƙa ƙara kuɗi a kan abin da ke nutsewa.

Yanzu ga gidajen. Na farko shi ne gidan manaja guda, kuma uban wannan salo shi ne Julian Robertson, wanda ya kafa Tiger Management a 1980 da kusan dala miliyan 8, ya kai shi fiye da biliyan 20 a 1998. Salonsa bincike mai zurfi ne, a sayi kamfanoni mafi kyau, a yi wa mafi muni shot, a jira. Yaransa da ya horar sun fita sun kafa nasu gidajen: Lee Ainslie ya kafa Maverick, Stephen Mandel ya kafa Lone Pine, Andreas Halvorsen Viking, Philippe Laffont Coatue, Chase Coleman kuma Tiger Global. A irin waɗannan gidaje manazarci yana iya shafe wata biyu a kan kamfani ɗaya, ya ziyarci masana'anta, ya san harkar ciki da bai. In koyon tantance kasuwanci kake so, nan ne makaranta mafi kyau, ni dai haka na gani.

Amma ka san inda raunin yake. Irin waɗannan gidaje yawanci sayensu ya fi shot ɗinsu yawa sosai, kuma sukan taru a kan kamfanoni iri ɗaya. Shi kansa Robertson ya ƙi sayen kamfanonin intanet a ƙarshen shekarun 1990 don ya ga farashinsu hauka ne, ga kuma asarar da ya yi a kan kuɗin Japan da kamfanin jirage na US Airways. Masu kuɗi suka gaji suka janye, ya rufe asusun a Maris ɗin 2000, a watan da kasuwar Nasdaq ta kai ƙololuwa ta fara rugujewa. Hukuncinsa a kan kamfanonin intanet daidai ne, lokaci ne ya ƙare masa kafin kasuwa ta yarda. A 2022 kuma asusun hej na Tiger Global ya rasa fiye da rabin darajarsa, wannan karon saboda ya cika hannu da kamfanonin fasaha a lokacin da kuɗin ruwa ya tashi.

A wannan shekarar ta 2022, da S&P 500, ma'aunin manyan kamfanonin Amurka, ya faɗi da kusan kashi 19, babban asusun Citadel ya ci kusan kashi 38. Wannan ya kawo mu gida na biyu, mai tawagogi da yawa: Millennium na Israel Englander da aka kafa a 1989, Citadel na Ken Griffin a 1990, Balyasny, da Point72 na Steve Cohen. A nan gida yana raba kuɗi ga ƙananan tawagogi da dama, a manyansu har ɗaruruwa, kowace da manaja ɗaya da manazarta biyu ko uku a kan ɓangare guda. Dokar ita ce saye da shot su zo kusan daidai, kuma cikin ɓangare ɗaya: in ka sayi wannan banki, ka yi wa wancan shot. Kwamfutocin sashen kula da hatsari suna bin kowace tawaga don tabbatar da cewa ribarta daga zaɓi ta fito, ba daga tashin kasuwa ko farashin mai ba. Ribar kowace tawaga ƙarama ce, sai gida ya ninka ta da bashi mai yawa.

Wannan bashin shi ne ya sa ba a haƙuri a can. A wasu gidajen, asarar kashi biyar cikin ɗari na jarin da aka ba tawaga ta isa a rage mata kuɗi, in ta ɗan wuce haka a rufe ta. In an rufe tawaga, manazarci yana tafiya tare da manajansa ko da nasa zaɓin ya yi kyau. Don haka tunanin manazarci a nan gajere ne, wata uku, wani lokacin mako biyu. Yana iya yarda cewa kamfani zai ninka nan da shekara uku amma ya yi masa shot yau saboda yana ganin sakamakon wannan zangon zai gaza. Akwai mutanen da wannan saurin yake yi wa daɗi, suna son a auna su kullum da alƙalami. Akwai kuma haziƙan da yake cinye wa lafiya da barci cikin shekara biyu. Ba laifi ba ne ka kasance ɗaya daga cikin biyun, amma ka san wanne ne kai kafin ka sa hannu. Kuma gaskiya guraben aiki da yawa a irin waɗannan gidaje suke.

Akwai masu bin aukuwa, wato haɗewar kamfanoni, rabuwa, ko fatara. A Afrilun 2022 Elon Musk ya amince zai sayi Twitter a kan dala 54.20 kowane hannun jari. A Yuli ya ce ya fasa, farashi ya sauko wajen dala 33. Manazarcin irin wannan gida bai damu da ko Twitter kamfani ne mai kyau ba. Ya zauna ya karanta yarjejeniyar sayen layi-layi, ya duba ko tana ba kotu ikon tilasta wa mai saye ya cika alƙawari, ya karanta hukunce-hukuncen da kotun Delaware ta yi a baya. Waɗanda suka gamsu cewa Musk ba shi da mafita suka saya a talatin da 'yan kai, aka biya su 54.20 a ƙarshen Oktoba. Aikin ya fi kusa da na lauya. Kusa da su akwai masu kutsawa cikin shugabanci, irin su Elliott na Paul Singer da Pershing Square na Ackman, waɗanda suke sayen kaso mai tsoka su tilasta sauyi. Ackman ya yi haka a kamfanin jirgin ƙasa na Canadian Pacific, ya kawo Hunter Harrison shugabanci a 2012, ya ci riba mai yawa. Shi ne kuma ya rasa kusan dala biliyan 4 a kamfanin magunguna na Valeant. Gidajen lissafi zalla kamar Renaissance da D. E. Shaw da Two Sigma kuwa masana lissafi da kwamfuta suka fi ɗauka, ba hanyarka ba ce da karatun akanta.

Hanyar da karatunka ya fi amfani ita ce farautar kamfanonin da littattafansu ba su da gaskiya, kuma ina girmama masu wannan aiki ƙwarai. A ƙarshen 2000 Jim Chanos ya karanta takardun Enron, kamfanin makamashi na Amurka, ya ga kamfanin yana rubuta ribar kwangilar shekaru masu zuwa tun yau, ya ga abin da jarinsa yake haifarwa bai wuce kashi 7 ba, ga kuma ma'amaloli da wasu kamfanoni da jami'in Enron ɗin ne yake tafiyar da su. Ya yi shot. A Disambar 2001 Enron ya durƙushe. David Einhorn na Greenlight ya fito fili a Mayun 2008 ya tuhumi yadda Lehman Brothers yake ƙiyasta kadarorinsa, a ranar 15 ga Satumba bankin ya faɗi. A Jamus masu shot da 'yan jaridar Financial Times sun shafe shekaru suna cewa akwai lauje cikin naɗi a Wirecard, kamfanin biyan kuɗi ta intanet. A Fabrairun 2019 hukumar kula da kasuwar Jamus ta hana yi wa kamfanin shot na wata biyu. A Yunin 2020 aka tarar Yuro biliyan 1.9 da ake cewa suna banki babu su. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wasu daga cikin waɗanda suka fara hango shi kuɗinsu ya ƙare kafin a kai ƙarshensa.

Shot yana da wata illa da saye ba shi da ita. In ka saya, iyakar asararka abin da ka zuba. In ka yi shot, asara ba ta da rufi, kuma matsayin yana ƙara girma ne a daidai lokacin da yake cutar da kai. A Janairun 2021 ƙananan masu zuba jari suka yi taron dangi wajen sayen hannun jarin GameStop, kamfanin shagunan wasannin bidiyo, farashi ya tashi daga ƙasa da dala 20 zuwa 483 a cikin wata guda. Melvin Capital, gidan hej da ya yi masa shot, ya rasa kashi 53 a watan, ya rufe a 2022. Nazarinsu a kan raunin shagunan GameStop yana da hujja. Abin da ba su auna da kyau ba shi ne yawan mutanen da suka yi shot ɗin tare da su, waɗanda dole duk su saya a lokaci ɗaya. Tun daga nan duk manazarcin kirki yana duba cunkoso kafin ya kawo ra'ayi.

Batun matakai ba shi da tsawo. Yawanci ana shiga bayan shekara biyu ko uku a bankin zuba jari ko sashen bincike irin naka, kodayake Point72 da Citadel suna da shirin horar da sababbin masu digiri. Ƙaramin manazarci yana gina jadawali, babba yana riƙe da ɓangare ya kawo ra'ayi, daga nan a ba shi ɗan jari ya juya da kansa, in ya nuna hali ya zama manaja. Wannan tsallen na ƙarshe mutane da yawa ba sa yin sa, domin gane kamfani daban, sanin nawa za a zuba da lokacin da za a yanke asara daban. Albashi ƙaramin ɓangare ne, bonas na ƙarshen shekara shi ne babba. A gidan tawagogi manaja yana samun wani kaso na ribar da ya kawo, galibi tsakanin 10 da 20 cikin 100, daga ciki yake biyan manazartansa, shekarar da ba riba kuwa babu abin rabawa. In za ka bar aiki, gidaje da yawa suna zaunar da kai shekara ɗaya ko fiye kafin ka koma wurin abokin hamayya.

Akwai layin da nake roƙon ka kada ka kusance shi. Tun shekarar 2000 dokar Amurka ta hana kamfani tsegunta wa wasu zaɓaɓɓu muhimmin bayani kafin jama'a, ciniki da bayanan sirri kuwa laifi ne na ɗauri. Raj Rajaratnam na Galleon an yanke masa shekara 11 a 2011. Mathew Martoma na SAC Capital ya samu sakamakon gwajin wani maganin cutar mantuwa daga bakin likitan da ke cikin gwajin kafin a sanar, aka yanke masa shekara 9. SAC ɗin kansa ya amsa laifi a 2013 ya biya dala biliyan 1.8. Matsin neman abin da wasu ba su sani ba shi yake tura mutane can sannu a hankali, kuma ƙaramin ma'aikaci ne ake fara kamawa. Duk abin da ka ji ya yi maka kama da sirri, ka kai wa sashen bin doka kafin ka gaya wa manaja.

Kada kuma ka ɗauka duk harkar tana cin kuɗinta da gumi. Tsohon farashi shi ne kashi 2 na jari kowace shekara da kashi 20 na riba, manyan gidajen tawagogi kuma suna ɗora wa masu kuɗi dukkan ɗawainiyarsu kai tsaye. Warren Buffett ya yi fare da wani kamfani cewa asusu mai arha da ke bin S&P 500 zai doke zaɓaɓɓun asusun hej daga 2008 zuwa 2017. Nasa ya ci kusan kashi 126, babu ɗaya daga cikin biyar ɗin da aka zaɓa da ya kamo shi. 'Yan hej suna cewa ba a kafa su don tsere da kasuwa mai tashi ba, don rage hatsari ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Duk da haka gidajen da suke samar da alfa na haƙiƙa shekara da shekaru ba su da yawa.

In kai Musulmi ne akwai abin da ya kamata ka warware tun yanzu. Shot sayar da abin da ba ka mallaka ba ne, bashin da ake ƙara jari da shi kuma da ruwa yake. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, wadda take tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, ba ta halatta shot ba. Ka zauna da malamin da ya san fiƙihun ma'amala ka yi masa bayanin aikin yadda yake. Ƙwarewar kanta ba ta ɓacewa, domin asusun da suke saye kawai, har da masu tace kamfanoni bisa shari'a, irin wannan manazarcin suke nema.

Daga Legas, hanyar da ta fi buɗewa ita ce gidajen Landan masu zuba jari a kasuwannin Afirka da sauran ƙasashe masu tasowa, ko kuma digiri na biyu a waje sannan banki. CFA tana taimakawa a kalli takardarka, amma ba ta ba da aiki. Abin da ke ba da aiki shi ne ra'ayi rubutacce mai shafi biyu, ɗaya na saye ɗaya na shot, da jadawalin da ke bayansa. Kuma kana da abin gwaji a gabanka. Bayan an saki naira a Yunin 2023, MTN Najeriya ya rufe shekarar da asarar kusan naira biliyan 137, Nestlé Najeriya ma ya yi asara, alhali cinikinsu duka ya ƙaru. Nauyin da ke kansu na dala yana rubuce cikin bayanan rahoton 2022 ga duk wanda ya karanta. Ka ɗauki rahoton, ka rufe abin da ya biyo baya, ka lissafa da kanka abin da faɗuwar naira da rabi za ta yi wa ribarsu, sannan ka gwada da abin da ya faru. Bayan haka ka ɗauki kamfanin Amurka ɗaya, takardunsa kyauta ne a rumbun EDGAR na hukumar SEC, ka rubuta hasashenka kafin kowane sakamako ya fita, ka ajiye da kwanan wata.

Ranar da aka kira ka ganawa, kai ma ka yi tambaya. Tsawon wane lokaci suke riƙe hannun jari? Nawa ne sayensu, nawa ne shot? Asarar nawa ce take sa a rage wa tawaga kuɗi? Shekara nawa manajan ya yi a gidan, kuma ina manazartan da suka yi aiki da shi a baya suke yanzu? Yaya ake raba bonas, a rubuce yake ko sai yadda manaja ya ga dama? Ka nemi mutum ɗaya ko biyu da suka bar tawagar ka ji ta bakinsu kafin ka ba da amsa.